Geron da Muka Gada a Damargu

Mu a Damargu, daga Tanut har Belbeji, damina gajeruwa ce. Shi ya sa kakanninmu suka riƙe gero irin Ankutes, mai gajeruwar zangarniya, mai nuna da wuri. Kowace kaka manomi kan ware zangarniyoyin da suka fi kyau, ya ajiye don shuka. Da haka iri ya saba da ƙasarmu.

Masu bincike sun kwatanta geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan a 2003. Sun tarar na 2003 ya fi saurin fitar da kai. Wato da ruwa ya ragu, irin gargajiya ya bi yanayi a hannun manoma. Daga irinsa ne cibiyar INRAN ke fitar da ingantaccen iri, kamar HKP da aka samo daga Haini Kire na ƙasar Zabarma.

Abin da ke damuna shi ne, shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, iyali kan cinye irin shuka. In ruwa ya sauka, sai a sayo na kasuwa wanda ba a san asalinsa ba. A ajina ma, ɗalibai kaɗan ne suka san sunan geron gonarsu.

Yanzu nakan sa kowane yaro ya kawo zangarniya ɗaya, ya tambayo sunanta wurin tsofaffi. Malamai, ku gwada. Iyaye kuma, ranar zaɓen iri ku tafi da yaranku.