Akawun Da Lissafinsa Ya Ɓace

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in bayyana wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da ya same ni, ko wani ya ƙaru.

Ni akawu ne, ina riƙe wa wani attajiri littafin lissafi a kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake cinikin gwanjo da robobi da takalman dukawa. Na yi karatu a makarantar Mishan ta Wusasa, wurin da mutanen Likita Mila suka koma daga birnin Zariya a shekarar 1929. Can aka koya mini lissafi, aka kuma koya mini addu'a. Da na zo Kano sai na riƙe lissafin, na bar addu'ar a bakin ƙofa, ina tsammani wanda ke da alƙalami da ƙwaƙwalwa ba shi da bukatar kowa.

A ƙarshen shekarar 2022 na ci bashi wurin wani dattijo Alhaji, na sari dila uku ta gwanjo. Ban yi shawara da kowa ba, ko da mai ɗakina. Na lissafa ribata har kwabon ƙarshe. Ana nan sai Babban Banki ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin watan Fabrairu na 2023 ya ƙare, kuɗi ya ɓace a hannun jama'a, mutane na wuni a bakin banki. Wanda bai sami na cefane ba, ina zai sayi riga? Ranar biya ta zo, na karyar da kaya, ko rabin uwar kuɗi ban fitar ba.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Na riƙa zagayewa ta wani lungu don kada mu haɗu da Alhaji. A gida kuwa, yaro ya yi motsi sai tsawa.

Wata rana da dare mai ɗakina ta buɗe akwati, ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na kakana, irin wanda aka fara bugawa da Hausa a 1932, ta ajiye mini bisa tabarma, ba ta ce uffan ba. Na buɗe Luka sura 12, na tarar da misalin da Yesu Almasihu ya bayar na manomin nan da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, alhali kuwa a daren nan za a karɓi ransa. Cikin dukan shawararsa da kansa kaɗai yake magana. Sai na ga ai hotona ne. Na durƙusa, na faɗa wa Ubangiji girman kaina, na roƙi gafara. Daren nan na yi barci har asuba.

Da gari ya waye na tafi wurin Alhaji, na tsuguna, na faɗa masa gaskiya duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaro, da ka zo tun farko ai da ba ka rame haka ba." Ya yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan kowane wata.

Har yau da sauran bashi a kaina, amma raina a kwance yake, abin da ban samu ba lokacin da aljihuna ke cike. Ban daina lissafi ba, gama Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Sai dai yanzu ina fara addu'a kafin in ɗauki alƙalami.

Malamaina Musulmi, ban rubuta wannan don jayayya ba. Kun riga ni sanin tawakkali, kuma a hannun ɗayanku na ga jinƙai. Ni dai na faɗi ƙofar da na bi. 'Yan'uwana akawuna, wanda bashi ya hana shi barci kada ya ɓuya a lungu kamar yadda na yi.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Ƙofar Wambai, Kano.