Gif ko Jif?



Hotunan nan masu motsi da muke tura wa juna, sunansu ya daɗe yana jawo gardama. Steve Wilhite, wanda ya ƙirƙiro GIF a kamfanin CompuServe a 1987, ya ce a 2013 "jif" ake faɗa. Masu ja da shi suka ce G ɗin na "graphics" ne, saboda haka "gif".

Mu a rubutunmu na boko g ba ta zama j: gida, giwa, gishiri. Kakanninmu ma da suka mai da "doctor" likita ba su nemi izinin Bature ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a yi wa mutum dariya kan lafazinsa har ya kama bakinsa cikin mutane.

Ku wanne kuke faɗa?