Hasbiyar da na saya dala 40

Cikin watan Nuwamba ne, an fara yankan shinkafa a fadamun Tanda, sanyi ya soma sauka da asuba. Na shiga garkar lakwal da ƴan ajina don mu ba salati da albasa ruwa, sai muka tarar da hasbiya rakuɓe a gindin lemo, fiffikenta na dama yana jan ƙasa. Wanda ya tashi a ƙasar Gaya ya san ta: ta fi kurciya girma, bayanta ja-ja, fikafikanta da ɗigon fari, ga jan fata kewaye da ido kamar ta kwana tana kuka. A kan giginya ta fi son yin sheƙa, giginya kuwa ba abin nema ba ce a wajenmu.

Ban kai ga tambaya ba wani yaro ya matso. "Mushe, tawa ce. Jiya da marece na harbe ta, na neme ta har magariba ban gani ba. A ba ni in yanka kafin ta zama mushe." Aji ya kwashe da dariya. Mu malaman boko na Nijar mun daɗe da haƙura da wannan suna da Faransanci ya bar mana.

Gaskiya yaron yana da hujja. Ubansa ne ke aika shi gona korar tsuntsaye, danƙon da ke aljihunsa kayan aiki ne. Kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a ƙarshen Yulin 2023, gadar Malanville ta daina ɗaukar kaya kamar da, cefane ya yi tsada, gidaje da yawa sai a yi sati ba a ga nama a miya ba. Ni kaina da nake tsaye a kansa, kurciyoyin da na gasa ina yaro ba su ƙirguwa. Da wane baki zan yi masa wa'azi? Sai na ce ya sayar mini. Muka daidaita a dala 40, da sharaɗin shi zai yi jinyarta.

Na taɓa kashe wata da hannuna a garin taimako. Bara na ƙwace kurciya daga bakin kyanwa, na buɗe bakinta na ɗura mata ruwa da cokali, kafin la'asar ta mutu. Daga baya wani ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi a Gaya ya bayyana mini cewa ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, ruwan da aka ɗura yakan wuce huhu. Ya ce ko ban yi haka ba da wuya ta rayu, domin yawun kyanwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan kashe tsuntsu cikin kwana biyu ko uku, ko da raunin bai kai a gani ba. Ya kuma ja mini kunne a kan abin da nake so iyaye su riƙe: tsuntsun da aka tsinta yana layi ko ya takure babu rauni a jikinsa, kada yara su taɓa shi. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar ta Magariya a Fabrairun 2006, kuma tana kama mutum. Tamu dai raunin dutse ne a fili. Duk da haka na nisanta ta da kaji, na kafa dokar wanke hannu da sabulu.

Muka samo kwali, muka huda shi, muka shimfiɗa tsumma, muka ajiye ta a ɗakin ajiya inda babu haske sosai. Ranar farko ba abin da ta fi buƙata sai a ƙyale ta. Tsoro kaɗai yana iya kashe tsuntsun daji. Washegari muka wanke raunin da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri. Karayar tana tsakiyar ƙashi, ba a gaɓa ba, wannan ce sa'arta, don karayar gaɓa ba kasafai take barin tsuntsu ya sake tashi ba. Na naɗe fiffiken yadda yake kwanciya da kansa, na ɗaure shi da jikinta da ƙyalle. A nan yaron ya so ya ja ɗauri kamar yadda ya ga maɗori yana yi wa mutane, na riƙe hannunsa. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka matse ƙirjin ka shaƙe shi.

Abinci bai ba mu wahala ba: gero, dawa, ruwa a gwangwanin tumatir, da ƴar tsakuwa, tun da ba ta da haƙora, ƙundu ne ke niƙa mata. Wata yarinya ce ta fara lura cewa kaza in ta ɗebi ruwa sai ta ɗaga kai sama, ita kuwa hasbiya tsoma baki take yi ta zuƙa kamar doki. Shekara nawa ina koyar da darasin tsuntsaye daga zanen littafi, ban taɓa nuna wa yara wannan ba, a makarantar horar da malamai ta Dosso ma ba a nuna mini ba. Da na gaya musu cewa uwa da uba duka suna ciyar da ƴaƴansu da wani farin abu mai kauri da suke fitarwa daga maƙogwaro, sai mai danƙo ya tambaya ko tana da ƴaƴa a sheƙa. Na ce mai yiwuwa, ƙwai biyu suke yi. Bai ƙara magana ba ranar.

Na ba shi tsohon littafin rubutu ya riƙa rubuta abin da ta ci da yadda ta kwana, da Faransanci. Yaron da lokacin girbi ba ya cika kwana uku a aji cikin sati, sai ga shi yana riga ni zuwa. Ba kowa ya ji daɗin haka ba. Ubansa ya zo har lakwal, muka gaisa, ya ce, "Malam, karatu na kawo shi ko kiwon tsuntsu? Ga shinkafata can ana ci." Ban ga laifinsa ba, buhun da zai rasa ba ni zan biya ba. Na kira yaron ya karanta masa littafin, yana fassarawa da Dendi. Shafi huɗu ne cike da kurakurai, amma bai taɓa rubuta abin da ya kai rabinsu ba. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce to, amma da an tashi ya wuce gona. Haka aka yi.

Ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa, kamar sati uku ya isa, kuma in ɗauri ya daɗe gaɓa takan sandare. Bayan sati biyu muka kwance, muka mayar da ita akurki mai faɗi inda za ta iya miƙa fiffike. Ba ta saba da mu ba ko kaɗan. Duk wanda ya kai hannu sai ta make shi da fiffiken mai lafiya, ni kuwa hakan nake so, don hasbiyar da ta daina tsoron yaro ba za ta daɗe a Tanda ba.

Rana ta 26 muka buɗe akurkin a garka da sassafe. Ta daɗe ba ta motsa ba, har yara suka fara gajiya. Can ta fito, ta yi taku kaɗan, ta tashi zuwa kan katanga da ƙarar fiffike, daga nan ta nufi giginyar bayan lakwal. Fiffiken dama ya ɗan fi ɗan'uwansa sauka, da alama haka zai zauna.

Danƙon yana nan a aljihunsa, jiya ma na ga igiyarsa ta leƙo. Sai dai na ji ya gargaɗi abokansa cewa mai saukakken fiffike ta Mushe ce, kada wanda ya harbe ta. Na ce masa ai ba tawa ba ce. Ya ce, "To ba ka biya ba?"