Uwar Garke da Makiyayinta

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, ko ya duba sakamakon jarrabawa a intanet, ko ya miƙa katinsa a asibiti aka buɗo bayanansa a allo, ya yi hulɗa da wata kwamfuta da bai taɓa gani ba. Tana can a wani ɗaki mai sanyi, a kunne dare da rana, aikinta kawai ta karɓi buƙatun sauran kwamfutoci ta biya musu. Masu rubutu kan fasaha da Hausa suna kiranta uwar garke, kuma sunan ya dace da ita, domin ran da ta kwanta duk garken ne ke tsayawa. Kamar kowace kwamfuta, ita ma tana da babbar manhaja, wato wadda ke raba aiki tsakanin sassan na'urar, ta tsare ƙofa, ta kuma yanke wa za a bari ya shiga da abin da zai taɓa.

Tun da na soma karatun kwamfuta a jami'a nake jin gardama a kan wace babbar manhaja ce ta fi cancanta da wannan matsayi. Ma'auni huɗu aka saba ɗauka: tsaro, ƙarfin aiki, samun tallafi, da sauƙin sarrafawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a littafi da kuma a gaban na'ura, sai na tarar kowane ɗayansu yana mayar da ni ga tambaya guda da ba a cika yi ba: idan wanda ya kafa manhajar ya tafi, wa zai ci gaba da kiwonta?

Gidaje uku ne suka fi shahara a wannan fage. Na farko shi ne Linux, wadda Linus Torvalds ya soma rubuta zuciyarta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya kuma saki rubutun ga duk mai son karantawa ko gyarawa. Daga wannan tushe aka sami rassa da yawa. Debian ta fito a 1993, kuma har yau 'yan sa kai ne ke riƙe da ita. Ubuntu ta biyo baya a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Akwai kuma Red Hat, wadda kamfanin IBM ya saye a 2019 kan dala biliyan 34. Gida na biyu shi ne Windows Server na kamfanin Microsoft, wanda asalinsa ke komawa ga Windows NT ta 1993, rubutunsa a rufe yake, amfani da shi kuma sai da lasisi. Na uku shi ne zuriyar BSD, wadda ta samo asali daga Jami'ar California da ke Berkeley, kuma FreeBSD da OpenBSD ne fitattun 'ya'yanta.

A batun tsaro gardamar ta fi zafi. Masoya Linux sukan ce tunda rubutunta a buɗe yake, idanu da yawa suna kallonsa, ɓaraka ba ta daɗewa a ɓoye. Masoya Windows kuwa sukan ce gara kamfani ɗaya da za a kama idan abu ya lalace, wanda kuma ya ware Talata ta biyu ta kowane wata don sakin faci, wato ƙananan gyare-gyaren da ke toshe kafofin da aka gano. Tarihi bai bar kowane ɓangare ya yi alfahari sosai ba. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle bayanan kwamfutoci masu Windows tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya saki facin wannan kafa tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. Waɗanda aka cutar galibinsu waɗanda ba su ɗora facin ba ne, ko masu amfani da tsofaffin manhajojin da wa'adinsu ya ƙare.

Ɓangaren buɗaɗɗen rubutu ma ya sha tasa. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin uwayen garke masu Linux ke dogara da ita wajen ɓoye sirrin saƙonni. Ɓarakar ta yi shekara biyu a fili, kowa yana iya karanta rubutun, amma ba wanda ya tsaya ya duba da kyau. A Maris ɗin 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ma'aikacin Microsoft ne, ya lura cewa shiga wata na'ura daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawun wannan ɗan jinkiri, sai ya tarar da ƙofar sirri da wani ya dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse bayanai. Mai dasawar ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa ɗan sa kan da ke kula da manhajar, har ya sami amincewarsa. An kama abin kafin ya isa ga yawancin na'urorin duniya, saboda mutum ɗaya ya ƙi kawar da kai daga rabin daƙiƙa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A waɗannan labarai uku bangon ya tsage ne ta wurin mutane: wanda bai ɗora faci ba, wanda bai duba rubutu ba, wanda aikin sa kai ya yi wa yawa. Inda aka tsira ma, mutum ne ya tsirar. Gaskiya ne akwai bambanci a gini. OpenBSD, alal misali, ta yi suna wajen tsantseni, tana zuwa da kusan dukkan ƙofofinta a rufe, kuma daga gidanta OpenSSH ta fito a 1999, wadda yanzu Linux da Windows duka suke amfani da ita don shiga na'ura daga nesa cikin aminci. Amma ko ita, idan aka bar mata kalmar sirri mai sauƙin zato, aka yi shekara ba a leƙa ta ba, tsantsenin maginanta ba zai cece ta ba.

A ma'aunin ƙarfin aiki Linux tana da hujjar da ke da wuyar musantawa. Tun daga Nuwambar 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, bisa jerin TOP500, da Linux suke aiki. Hatta a Azure, rumbun kwamfutocin haya na Microsoft kansa, Linux ce ta fi yawa. Dalili ɗaya shi ne ana iya rage mata kaya: a cire hotuna da tagogi da duk abin da aikin bai buƙata, ta zauna a ƙaramar na'ura ta bar wa aikin sauran ƙarfin. FreeBSD ma ba baya ba ce, domin da ita kamfanin Netflix yake gudanar da na'urorin da ke isar da finafinansa ga masu kallo. Windows Server kuwa ta fi nauyi idan aka ɗora ta da cikakkiyar fuskarta, ko da yake tun 2008 akwai nau'inta marar tagogi mai suna Server Core. Sai dai mafi yawan ma'aikatu ba tseren kwamfutoci 500 suke yi ba. Makaranta mai ɗalibai dubu ko asibiti mai gado hamsin, kowace daga cikin ukun za ta ɗauki nauyinsu. Abin da ya fi jawo musu nawa shi ne rumbun bayanai da aka tsara ba daidai ba, ko ma'adanar da ta cika ba wanda ya lura.

Tallafi shi ne ma'aunin da ba a ganin darajarsa ranar saye, sai shekaru sun tura. Kowace babbar manhaja tana da wa'adi, kuma daga ranar da ya cika ba sauran faci. Microsoft yakan ba Windows Server shekara goma. Nau'in 2012, alal misali, ya kai ƙarshen nasa a Oktoban 2023. Red Hat ma shekara goma take bayarwa ga masu biyan kuɗin shekara. Ubuntu tana fitar da nau'i mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, da facin tsaro na shekara biyar kyauta. Amma alkawari ma yakan sauya. CentOS, wadda a lokacin kwafi ce ta Red Hat da ake samu ba da kuɗi ba, dubban ma'aikatu sun ɗora nau'inta na 8 bisa sanin cewa zai kai 2029. A Disambar 2020 aka sanar cewa a ƙarshen 2021 za a daina kula da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suke da ma'aikacin da ya fahimci na'urarsu sun ƙaura zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux, waɗanda aka kafa don cike gurbin. Waɗanda ba su da shi kuwa suka ci gaba da zama a gidan da maigadi ya tashi, ba su ma sani ba.

Akwai kuma kuɗi. Lasisin Windows Server ana lissafa shi ne da yawan cibiyoyin sarrafawa da ke cikin na'urar, mafi ƙaranci 16, sannan a ƙara da izini na daban ga kowane mutum ko kowace kwamfuta da za ta riƙa shiga. A ƙasar da darajar kuɗinta ke sauka a gaban dala, wannan nauyi ne na gaske, kuma shi ke tura wasu ga kwafin sata, wanda shi ne mafi munin zaɓi, domin ba a san abin da aka cusa a cikinsa ba. Linux ba ta neman kuɗin lasisi, amma tana neman albashin wanda ya iya ta ko lokacin wanda zai koye ta. Duk inda aka bi, sai an biya.

Sauƙin sarrafawa kuwa ya danganta da hannun da ke riƙe da linzami. Wanda ya tashi da Windows a teburinsa zai ga fuskar da ya sani. Ma'aikatar da ke da kwamfutoci ɗari masu Windows za ta ji daɗin Active Directory, wadda ta zo da Windows 2000, domin daga wuri ɗaya za a buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, a rufe na wanda ya bar aiki, a shimfiɗa wa kowa ƙa'ida. Linux takan tarbi baƙo da baƙin allo mai jiran umarni a rubuce, abin da ke firgita mai koyo a makon farko. Sai dai umarnin da aka rubuta ana iya adana shi, a maimaita shi a na'ura ɗari, a kuma bar wa na baya ya karanta ya ga abin da aka yi. Microsoft ma ya yarda da wannan hikima, shi ya sa ya fito da PowerShell a 2006.

A shekarar da na yi hidimar ƙasa na ga yadda waɗannan ma'aunai suke zama idan sun sauko ƙasa. An tura ni wata makarantar sakandare da ke son tattara sakamakon ɗalibai da bayanan kuɗin makaranta wuri ɗaya. Abin da ke akwai tsohuwar kwamfuta ce guda, da wutar da ba ta da tabbas, kuma babu kasafin lasisi. Shugaban makarantar ya kira ni ya ce, "Malam, wacce za ka saka mana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin in amsa, wa zai riƙe ta idan na gama hidima?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nuna mini wata malamar lissafi da ya ce ba ta gajiya da tambaya. Na ɗora Ubuntu mai dogon wa'adi a yini ɗaya. Koyarwar kuwa ta ci wata shida. Kowace Alhamis bayan an tashi, muna zama ta ɗora faci da hannunta, ta kwafi bayanai zuwa ma'adana ta biyu, ta goge wani abu da gangan ta dawo da shi daga kwafin. Duk umarnin da ta koya tana rubuta shi a littafi da bayaninsa da Hausa, kuma a shafin farko ta rubuta shekarar da wa'adin manhajar zai cika. Da a ce wadda za ta riƙe na'urar ta ƙware a Windows, makarantar kuma tana da kuɗin lasisi na halal, da Windows Server zan ba da shawara ba tare da jin na ci amanar abin da na fi so ba.

Saboda haka idan aka tambaye ni yau, ina da amsa, amma amsa ce mai sharaɗi. Don shafin intanet, ko rumbun bayanai, ko na'ura mai ƙaramin ƙarfi, Debian ko Ubuntu sun fi dacewa. Ma'aikatar da rayuwarta ta ginu a kan manhajojin Microsoft, ta tsaya a Windows Server ta biya lasisinta. Wanda ke son kamfanin da zai kira da tsakar dare, ga Red Hat. Mai gina katangar da za ta tsare hanyar sadarwa, ya dubi zuriyar BSD. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma kafin a sa hannu a kan kowane zaɓi, ya kamata shugaban ma'aikata ya iya faɗin sunan wanda zai ɗora faci a wata mai zuwa, da inda kwafin bayanai yake, da ranar da aka gwada dawo da shi, da shekarar da wa'adin manhajar zai ƙare. Abin da ke cikin waɗannan na'urori sakamakon yaron da ya yi shekara shida yana karatu ne, da tarihin jinyar wata tsohuwa, da albashin magidanci. Masu waɗannan bayanai ba su san sunan Linux ko Windows ba, kuma ba dole ba ne su sani. Haƙƙinsu a kanmu shi ne amanar da suka bari ta kasance a hannun wanda yake dubawa.