Katakon Innata

Da aka ba mu hutun farko a kwalejin nan, na koma gida ina ji da kaina, ina gani babu abin da tsofaffi za su koya mini. Ashe guntun katako ne zai karya mini girman kai.

A madafin Innata akwai katakon yankan nama, wanda kakana ya sassaƙa mata da icen ƙirya kafin ya rasu. Ƙirya kuwa ice ne mai tauri, da shi a ke yin turmi da taɓarya. Rannan na ga ta yanyanka kaza a kansa, ta wanke da sabulu, ta jingine shi a inuwa. Na ce a raina wannan wanki bai isa ba, gama an koya mana ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Da dare na tsoma shi cikin baho ya kwana a ruwa, da safe na shanya shi a rana, ga shi kuwa hunturu ne. Kafin la'asar ya tsage tun daga baki har tsakiya.

Inna ta ɗauka, ta bi tsagar da yatsa, ta ce, "'Yar nan, da kin tambaye ni." Ba ta ƙara ko kalma ba. Wallahi da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na gane dalili. Katako in ya sha ruwa kumbura ya ke yi. In rana ta buge shi, sai bayansa ya riga cikinsa bushewa, ya tsuke, ya dare. Tsagar nan kuwa nan jinin nama ke maƙalewa, inda soso ba ya kai. Watau garin neman tsabta na gina wa ƙazanta gida.

Ga yadda Inna ke yi. Da an gama aiki sai ta wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ta goge, ta tsai da shi a inuwa don iska ta bugi kowane gefe. In yana warin kifi ko albasa, ta barbaɗa gishiri ta dirje da ɓarin lemon tsami. In ya fara yin fari-fari, ta shafa masa man kaɗe kaɗan. Ba ta sa man gyaɗa, don in ya daɗe warinsa ya kan sake.

Abu guda ta karɓa daga gare ni, watau a raba na ɗanyen nama da na tumatir da latas, waɗanda a ke ci ba dahuwa. Na saya mata biyu da kuɗin guzurina. Tsohon kuwa ta ƙi yarwa, a kansa ta ke sauke tukunya.

To, 'yan'uwana malaman gobe, in za mu gyara wa manya wani abu, mu fara tambayarsu dalili tukuna. Da na sani ƙeya ce. Allah ya sa mu dace, amin.