Muryar Inna a Ƙofar Mota

Mutumin da ke zaune a Ikko ɗakuna biyu gare shi: akwai wanda yake kwana a ciki, akwai kuma wanda yake tuƙawa. Nawa na biyun wata tsohuwar mota ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, wadda na saya bayan ta gama yi wa wani Bature bauta a ƙasarsu. Kowace ranar aiki nakan yi sa'a uku, wani lokaci huɗu, a cikinta, tsakanin gidanmu da ke bayan Agege da makarantar yara da kuma jami'a. Da na ga ba yadda zan yi da gosulo, sai na mai da motar ɗakin nazari. A cikinta nake sauraron waƙoƙin da zan koyar, wato na Shata da kalangunsa, da Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa. Malamin adabin baka kuwa kunnensa ne jarinsa, kamar yadda ido yake jarin maɗinki.

Amma ba waƙoƙin nan ne suka sa na taɓa aljihuna ba. A shekarar 2003, sa'ad da nake shekarar ƙarshe ta digirin farko, an ba ni aikin tattara tatsuniyoyi. Maimakon in yi ta yawo ƙauyuka, sai na koma gida na zaunar da mahaifiyata dare uku a tsakar gida, na ajiye rikoda a gabanta. Inna ta rasu a 2011, Allah ya jiƙanta, kaset ɗin nan uku kuwa suka zame mini gadon da ya fi kowane. Daga baya na juye su a kwamfuta, na zuba a filashi. 'Yar autata, wadda aka haifa bayan rasuwar, ba ta san kakarta ba sai a hoto. Ga shi kuma Hausar bakinta ta fara sirancewa, domin Turanci take ji a makaranta, Yarabanci da Buroka a kan layi, Hausa kuwa sai in ana yi mata faɗa. Sai na yi shawara a raina cewa kowace safiya, a kan hanyar makaranta, kakarta za ta riƙa yi mata tatsuniya.

Ranar farko na kunna, ni kaɗai nake ta murmushi ina gyaɗa kai. Ba mu kai Oshodi ba yarinyar ta taɓo kafaɗata ta ce, "Baba, ni fa ba na jin abin da take faɗi. Kamar ƙuda ne a cikin kwalba." Na buɗe baki zan tsawata mata, sai na kasa kunne sosai, na ji ashe gaskiyarta. Abin da ke fitowa daga ƙofofin motar zuzu ne da kakari, kowace kalma da jelar ƙara a bayanta. Ni da na haddace tatsuniyoyin, zuciyata ce take cike mini gurbin abin da kunne bai kawo ba, na daɗe ina zaton ji nake yi alhali tunawa nake yi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne tunanin cewa wataƙila haka na yi shekaru ina yi wa waƙoƙin da nake shiga aji da su.

Sai dai gane cuta daban, kuɗin magani daban. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, albashin malami ya zama bargon da in ka rufe kai ƙafa ta fito. Muka zauna da uwargida muka yi lissafi, ta ce ta yarda da naira 60,000, ko kwabo kada ya hau. Da wannan na shiga wani shagon kayan sauti ranar Asabar. Wani saurayi ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mini wufa mai girman turmi wadda za a ajiye a but, da amfilifaya, da sabon rediyo mai allo, da wani kwali da aka rubuta wa wat 1,000 da manyan haruffa ja. Ya kunna mini gwaji, na ji ƙirjina yana rawa kamar ana daka a kansa. Da ya faɗi kuɗin, ya haura albashina na wata, sai na yi masa godiya na fito.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani tsohon riwaya a Agege, mutumin Arewa da ya zo Kurmi tun yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wayoyin mota. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, na gaishe shi na faɗi matsalata. Bai tashi daga bencinsa ba ya tambaye ni, "Malam, me kake son ji a motar? Kiɗa ko magana?" Na ce, "Baba, magana ce, muryar tsohuwa ce ma, ba ta da ƙarfi." Ya ce, "To ka huta da sayen wufa. Wufa ta masu son a san sun iso ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ya sa yaronsa ya kwance kwalin ƙofar gaba, ya ciro sifikar da kamfani ya sa, ya ɗora mini a tafin hannu. Ba ta fi faifan rufe kwano nauyi ba. Takarda ce mai siffar mazurari, da ɗan maganaɗisu a bayanta, sa'an nan sosan da ya zagaye bakinta ya riƙe ta ya ruɓe, ina taɓawa yana marmashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Zafin rana da laimar Ikko da ruwan da ke bin gilas ya gangara cikin ƙofa sun yi shekaru suna cin sa. Ya bayyana mini yadda abin yake aiki: akwai siririyar waya da aka naɗe a gindin takardar, tana zaune a tsakiyar maganaɗisun, in wutar sauti ta bi ta cikinta sai ta riƙa kai da komo, ta tura takardar, takarda ta tura iska, iska ta kawo wa kunne. Da bakin ya yage, takardar ba ta da mai riƙe ta, shi ya sa take kakari. Daga baya na karanta cewa wannan tsari ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, a 1925, kuma har yau a kansa mafi yawan sifikoki suke tafiya.

A wannan rana ni ne ɗalibi, na ciro takarda da biro. Abu na farko da ya ce shi ne in zuba kuɗina duka a ƙofofin gaba, in bar na baya yadda suke, domin mutum gabansa yake fuskanta in ana yi masa magana, kuma sifika biyu masu kyau sun fi huɗu na banza. Na biyu, in auna kafin in saya. Ramin ƙofata na inci shida da rabi ne, amma faɗi kaɗai bai isa ba, sai an duba zurfi, don in maganaɗisun ya cika tsawo gilas zai buge shi in an sauke. Na uku, in duba bayanta in ga an rubuta om 4, wanda shi ne abin da rediyon yawancin motoci yake ɗauka, don in lambar ta yi ƙasa da abin da aka gina rediyon a kai, zai ja wuta fiye da ƙarfinsa ya yi zafi.

Da na kawo maganar wat 1,000, sai ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce wannan kirari ne, kuma ai ni malamin Hausa na san kirari ba shaida ba ne. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa ita ce abin da sifika za ta iya jurewa na ƙiftawar ido. Ta gaskiyar ita ce wadda aka rubuta wa RMS da ƙananan haruffa, wato ƙarfin da za ta ɗauka tana aiki ba tsayawa. Rediyon mota irin nawa, wanda ba shi da amfilifaya a waje, da ƙyar yake ba kowace sifika wat 20 na gaskiya. Saboda haka wanda ba zai sayi amfilifaya ba, abin da ya kamata ya nema shi ne sifika mai saurin amsawa, wadda wuta kaɗan take isar ta. Ana rubuta wannan da desibel, kuma bambancin desibel 3 daidai yake da ninka wuta sau biyu: mai 91 za ta yi ƙarar da mai 88 take yi da rabin wutar. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi shiga raina, don a nan sana'arsa ta gamu da tawa. Ya ce in nemi mai hawa biyu, wato babbar sifika da wata 'yar mitsitsiya a tsakiyarta, wadda suke kira tuwita, mai fitar da siririn sauti. Kunnen yaro lafiyayye yana kama sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000. Kaurin murya yana can ƙasa, amma kaifin baƙaƙe irin su s da sh da ts yana sama, a wajen dubbai. Rurin inji da gurnanin taya kuwa ƙasa suke cikawa, don haka mai ƙara wa kiɗa kauri a mota yana ƙara wa ɓarawo tsani ne. Nan take na tuna darasin da nake ba 'yan shekarar farko, cewa ɗan abin da ya raba sara da tsara, ko kafa da ƙafa, shi ne ya raba ma'ana da shirme. Ashe abin da ya ɓace wa 'yata a muryar kakarta ke nan.

Sababbi masu suna sun fi ƙarfina, masu arhar kuwa tsohon ya ce araha ba ta ado. Sai ya haɗa ni da yaronsa muka tafi kasuwar Ladipo, inda ake sayar da kayan motocin da aka kwance. Yaron ya riƙa ɗaukar kowace yana shinshinawa ko akwai ƙaurin ƙuna, yana danna tsakiyarta a hankali da yatsu ya ji ko tana gogar wani abu, sa'an nan ya taɓa mata ƙaramin batir mai bolt ɗaya da rabi ya ga ko za ta motsa. Muka dace da wasu tagwaye masu jikin leda mai tauri da bakin roba, irin waɗanda laima ba ta cika yi musu illa ba, a kan naira 38,000. Zoben da za a ɗaura su a kai da soso da ɗan shimfiɗar roba mai danƙo suka ci 8,000, kuɗin aiki 10,000. Ragowar 4,000 na mayar wa uwargida, ta karɓa tana mamaki.

Wajen ɗaurawar ma akwai ilimi. Ya liƙa robar nan a jikin ƙarfen ƙofa daidai bayan sifikar don kada kwanon ya riƙa amsa amo, ya zagaye bakin da soso don kada iskar baya ta zagayo ta kashe ta gaba, ya kuma mayar da ledar da kamfani ya sa don tare ruwa, wadda ya ce masu gaggawa sukan yage su yar. Da batir ɗin nan ya tabbatar da kan kowace waya, domin in aka juya ta ɗaya, wannan tana turawa waccan tana ja, sai sautin ya rame ya rasa tsakiya. Da ya gama ya karkato da sautin gaba, ya rage kaurin, ya gargaɗe ni da kada in riƙa murɗa rediyon har ƙarshe, don in ya fara shaƙewa tuwita ce farkon ƙonewa. Sa'an nan ya ce, "Malam, sa mana tsohuwar mu ji."

Ba zan ce motar ta koma zauren kallo ba. Sifika ba ta ƙirƙiro abin da rikoda bai ɗauka ba, hasali ma shuuu ɗin tsohon kaset ya ƙara fitowa fili. Amma Inna ta dawo. Na ji inda take jan numfashi kafin ta canza murya ta zama kura, na ji tsamin bakin da take yi in ta zo maganar Gizo. A bayanta kuma na ji wani abin da ban san yana cikin kaset ɗin ba duk shekarun nan: kukan gyare a tsakar gidanmu, da dariyar wani saurayi wanda sai da na ɗan jima na gane ni ne. Tsohon riwayan ya sunkuyar da kai yana sauraro har tatsuniyar ta ƙare, ya ce rabonsa da jin irin wannan tun yana gaban tasa uwar. Na miƙa masa kuɗin aikinsa, ya ƙirga, ya ce in an kwana biyu in dawo ya duba ko notunan sun saki.

Ɗalibaina sukan tambaye ni wace na'ura za su saya don aikin tattara adabin baka, nakan kuwa ba su amsar da ba ta wuce sunan kamfani ba. Yanzu tambayar tsohon nan nake mayar musu, wato me suke son ji, domin amsarta ce take nuna inda ɗan kuɗin mutum ya kamata ya tafi. Na kuma koma kan waƙoƙin da nake koyarwa ɗaya bayan ɗaya, da takardun da na rubuta baitocinsu a gefena, na sami wurare uku da na gyara da jan biro.

Ranar Litinin da ta biyo baya muka shiga mota da 'yar autata, ban ce mata komai ba na kunna. Muna cikin gosulon Oshodi ta tambaye ni wace ce Ƙoƙi, na ce matar Gizo ce. Ta yi ta maimaita sunan tana neman inda ƙ take fitowa a maƙogwaronta, har ta same ta. Ranar Laraba, da Inna ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai na ji an amsa daga kujerar baya, "Ta zo mu ji ta." Da muka isa ƙofar makaranta ba a kai ƙurunƙus ba, yarinyar ta riƙe jakarta ta ƙi fita. Masu motocin baya suna ta yi mini ham, mai gadi yana ɗaga mini hannu, ni kuwa na gangara gefen titi na tsaya, muka jira kakarta ta gama.