Sanyin Asuba da Haƙƙin Mai Nono

Duk wanda ya san Abaji, da zafi ya san ta. Direbobin da suka taso daga Lokoja za su Abuja, in suka tsaya bakin titi da rana tsaka, abu mai sanyi suke fara nema, kuma da ƙishirwarsu nake ciyar da iyalina: fura da yogot nake sayarwa a ɗan shagona. Shi ya sa ban taɓa sa sanyi cikin lissafin sana'ata ba. Kullum fargabata kada wuta ta ɗauke kaya su yi tsami.

Madarar shanu nake aiki da ita. Wata dattijuwar Bafulatana ce ke kawo mini daga rugarsu ta wajen Yaba. In dafa, in bari ta huce, in zuba iri daga yogot ɗin jiya, in rufe bokiti bayan isha'i in ajiye a tsakar shago. Da safe na tarar ya kama, har cokali ya tsaya a ciki. Haka muka yi damina da kaka lafiya lau.

Da Disamba ta shigo, hazo ya rufe gari, sai abu ya canja. In buɗe bokiti in ga ruwa tsululu, ba kauri, ba wannan ɗan tsamin mai daɗi. Na sake iri, bai hana ba. Asara ta yi ta bin asara, zuciyata kuwa ta tafi kai tsaye wurin da ya fi sauƙin zargi. Rani ya fara, ciyawa ta bushe, shanu sun rage nono. Na yanke hukunci cewa ruwa take ƙarawa don ta cika jarka. Ban auna ba, ban tambayi kowa ba. A gaban mutane, ciki har da yaron shagona, na ce mata, "Inna, ki ji tsoron Allah, ruwa nake saye ko madara?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara gammonta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, a ina kake kwantar da shi?" Na ɗauka kauce wa magana take yi. Ta aza kayanta ta tafi, ba ta sake zuwa ba.

Na koma garin madara na buhu, wanda ni da hannuna nake dama shi, ba mai ƙara masa komai. Shi ma ya ƙi kamawa. A nan ya kamata in farga, amma girman kai ya sa na ce ai irin ne ya mutu.

Wata asuba na biya shago kafin masallaci don in ɗauki buta. Takalmina na cire a bakin ƙofa, ƙafata na taɓa siminti na ji sanyi har cikin ƙashi. Iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙyauren ƙarfe. Na durƙusa na dafa bokitin: sanyi ƙalau, kamar randar da ta kwana a waje. Na daɗe a durƙushe hannuna a kai. Tambayar Inna ce ta dawo mini kalma bayan kalma, kuma na gane amsa ce ta ba ni ran nan, ni ne ban saurara ba. Wallahi a sallar nan ban iya tattara hankalina ba don kunya.

Daga baya na nemi sani. Ƙwayoyin halittar da ke mai da madara yogot ɗumi suke so, wajen digiri 42 zuwa 45, kuma su samu awa 6 zuwa 8 a haka. A hunturun Abaji rana takan haura digiri 30, amma kafin asuba a sauko wajen 20 ko ƙasa, siminti kuwa janye ɗumin roba yake yi. Ni dai na riƙe zafin rana a kaina, alhali aikin da dare yake gudana. Da na yi gaggawar gyara ma sai na wuce gona da iri, na jingina bokiti da garwashi. Gefe ɗaya ya yi zafi fiye da kima, ya tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa.

Yanzu na sayi ma'aunin zafi. Nakan dafa madara ta kai digiri 85, in jira ta sauko 45 kafin in zuba iri. In sa robar cikin babbar kula tare da gorunan ruwan ɗumi, in lulluɓe da bargo, in ɗora a kan benci nesa da ƙofa. Haɗin ma na dawo da shi bayan la'asar, kuma ba na buɗe murfi sai lokaci ya cika. Ba ruwan wannan da wutar lantarki.

Gyaran yogot ya zo da sauƙi. Abin da ya fi nauyi shi ne na ci mutuncin mace sa'ar mahaifiyata a kan laifin da ba nata ba, kuma na san abin da ya ba ni ƙarfin yin haka: ita ce mai rauni a cinikin, ba ta da shago, ba ta da mai tsaya mata. Da babban dila ne, da na bincika kafin in buɗe baki.

Na hau babur na je har rugar, na gaishe da maigidanta, na nemi gafararta a gaban 'ya'yanta. Ta ce ta yafe duniya da lahira, har ta sa aka damo mini fura. Amma a watannin da na bar ta, ta samu wani mai saye a cikin gari, kuma ba ta ga dalilin juya masa baya ba. Har yau rabin madararta can take kaiwa.